Fuskar Wa Ya Kamata A Sa A Kan Kuɗi?

Mahaifina ya rasu ya bar mini wata tsohuwar takardar fam a cikin gwangwanin da yake ajiye takardun gona. A jikinta akwai fuskar Ja'afar Numeiri da rawaninsa. Yau ko ƙwayar gyaɗa ba za ta saya ba a kasuwar Hajj Abdalla. Duk lokacin da na dube ta sai in tambayi kaina: daidai ne shugaba ya sa fuskarsa a kan kuɗin jama'a?

Kafin ƙasarmu ta sami 'yancin kai a 1956, kakanninmu da kuɗin Masar suke ciniki, waɗansu ɗauke da fuskar Sarki Faruk. A 1952 aka tuɓe shi. Numeiri ya hau mulki a 1969, fuskarsa ta hau kuɗi a 1981, a 1985 jama'a suka tashi aka sauke shi. Ba da daɗewa ba aka buga sababbin takardu, aka sa taswirar Sudan a gurbinsa.

A Nijeriya, ƙasar da kakanninmu suka baro, wata hanya aka bi. An kashe Murtala Muhammad a 1976, sai a 1977 aka sa shi a naira 20. Tafawa Ɓalewa yana kan naira 5, Ahmadu Bello kuma a naira 200, dukansu bayan mutuwarsu. Haka ma Sudan ta Kudu ta sa John Garang a kuɗinta a 2011, shekara 6 bayan rasuwarsa.

'Yan'uwana, bambancin ba ƙarami ba ne. Wanda ya rasu ya gama aikinsa, jama'a sun auna shi kafin su girmama shi. Mai rai kuwa da ya sa fuskarsa, ya yi wa kansa shari'a tun ba a saurari shaidu ba. Ga kuma talaka ba shi da ikon ƙi. Ko an zalunce ka, dole ka ɗauki fuskar wanda ya zalunce ka a aljihu ka je sayen dawa.

Wani zai ce hoto yana taimakon wanda bai yi karatu ba ya gane takarda, yana kuma koya wa yara tarihi. Gaskiya ne. Amma launi da hoton auduga ma suna iya taimakon marar karatu. Darajar kuɗi kuwa daga gumin manomi take fitowa, da amanar masu riƙon baitulmali. A bayan naira 20 ɗin nan akwai Ladi Kwali, mace mai ginin tukwane. A ganina wannan hoto ya fi faɗin gaskiya game da inda arzikin ƙasa yake.

A Matiyu sura 22, Yesu ya karɓi dinari ya tambayi hoton wa ke jiki. A lokacin Kaisar Tibariyas ke mulki. Ya yarda a mayar wa Kaisar kuɗinsa, amma ya yi masa iyaka, gama Farawa sura 1 ta nuna mutum yana ɗauke da kamannin Allah. Saboda haka mu biya haraji, mu yi wa shugabanni addu'a, amma lamirinmu ba nasu ba ne. Kada kuma mu wulakanta lebura mai tsinkar auduga saboda 'yar takarda, gama shi ne yake ɗauke da kamannin da ba a janyewa daga kasuwa.