Wa Zai Sunkuya wa Wani?

Ni da abokina na Tibiri waƙa ɗaya muke haɗawa a kwamfuta. Ni na buga ganga nan Dogon Dutsi, shi ya turo bas ta WhatsApp. Da na gama su, sai ganga ta nutse, don dukansu a ƙasan sauti suke zaune, wajen hertz 60. Na rage bas ɗin ɗungum. Da ya ji, ya ce: "Haba aboki, ina aikina? Kashe ni ka yi!" Kwana uku bai ɗauki wayata ba.

Daga baya na koyi dabara: duk sanda ganga ta bugu, bas ya sunkuya a wannan ƙasan kaɗai, na ƙiftawar ido, ya miƙe. Sauran muryarsa ba a taɓa ta.

Ashe ba wa ɗan'uwa wuri ba ya nufin ka ɓace. Adalci shi ne a gano daidai inda aka yi karo, a sassauta nan. Sai dai wa ya yanke cewa bas ne zai riƙa sunkuyawa? Ni ne, don kwamfutar tana hannuna. Ko dabarar ta yi daɗi a kunne, ban tambaye shi ba. Gobe zan kira shi.