Wa Ya Koya wa Direban Tirela Tuƙi?

A da, kafin a damƙa wa mutum makullin babbar mota sai ya share shekaru yana yaron mota. Shi ke wanke ta, shi ke duba ruwa da baƙin mai tun da asuba, shi ke bin tayoyi ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasa su da ƙarfe don ya ji wadda iskarta ta yi ƙasa, shi ne kuma mai dirowa da gudu ya sa waigi idan mota ta tsaya a kan hawa. Karen mota ake ce masa, har marigayi Ɗan Maraya Jos ya yi masa waƙa. Sitiyari kuwa sai dai ya kalla. Idan maigida ya ga hankalinsa ya fara zama, sai ya bar shi ya juya mota a cikin gareji, daga nan ya koyi ribas, daga nan a ba shi hanya mai sauƙi da rana, mota ba kaya. Tuƙin dare da tuƙin damina da saukowa gangara da cikakken lodi su ne karatun ƙarshe. Ranar da aka yaye shi, sunan maigidansa na biye da shi duk tashar da ya shiga. Tambayar farko da mai mota zai yi ita ce, yaron wa ne? Idan ya yi ganganci a hanya, wanda ya koya masa ne zai sunkuyar da kai.

Tsarin nan ba tsarkakakke ba ne. Akwai zagi a cikinsa, akwai mari, akwai yaran da aka ci guminsu shekara da shekaru ba a taɓa yaye su ba. Ba a koyar da ƙa'idojin hanya a rubuce, kuma kuskuren maigida yakan zama gādon yaronsa. Duk da haka yana fitar da direban da ya san motarsa da kunne, ya san hanya kwana-kwana, yana kuma jin tsoron nauyin da ke bayansa. Wannan tsoron ne ya yi ƙaranci a titunanmu yanzu.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Layin dogo ya iso Kano a 1911, kuma shekaru masu yawa jirgin ƙasa ne ke kwashe gyaɗa da auduga da fatu da shanu zuwa Ikko. Da jirgin ya durƙushe, kaya suka koma kan kwalta. Da bututun da ke kai mai daffo-daffo na Arewa suka daina aiki yadda ya kamata, fetur ma ya hau tanka tun daga bakin teku. Ga siminti, ga taki, ga hatsin Dawanau, ga tumatir da albasa masu tafiya kasuwar Mile 12. Motoci suka ninka, ƙwararrun direbobi ba su ninka ba. Mai mota da ya ci bashi ya sayo tirela ba zai ajiye ta yana jiran yaro ya yi shekara biyar ba. Sai aka wayi gari yaron da ya yi 'yan watanni yana bin mota ya zama direba, shi ma ya ɗauki nasa yaron, makaho na jan makaho. A dokar hanya ta Najeriya akwai rukunin lasin na musamman, rukunin G, domin motoci masu jan bodi, amma kowa a tasha ya san ana samun lasin ta bayan fage ba tare da an ga yadda mutum ke riƙe sitiyari ba.

Abin da ya kamata ya cike wannan giɓi shi ne horo na tuƙin taka-tsantsan. Wani Ba'amurke mai suna Harold Smith ya tsara irin wannan karatu a 1952, kuma har yau kamfanonin sufuri a ƙasashe da dama da shi suke horar da direbobinsu. Ginshiƙinsa shi ne ka ɗauka duk wanda ke kan hanya zai iya yin kuskure yanzun nan, ka shirya masa kafin ya yi. Ka jefa ido nesa, wurin da za ka isa nan da daƙiƙa 15, kada ka tsaya kallon bayan motar da ke gabanka kawai. Ka riƙa waiwayar madubi a kai a kai. Ka bar wa kanka mafita ko da yaushe, ka kuma tabbata na kusa da kai sun gan ka. Tsofaffin direbobinmu sun san yawancin wannan ba tare da sun ji sunan Smith ba. Bambancin kawai shi ne su sun ɗauki shekaru suna tsintarsa, makaranta kuwa tana tattara shi ta bayar cikin tsari, ta kuma bayyana dalilin kowace ƙa'ida.

Ɗauki maganar rata. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa, mai gudun 90 tana cin mita 25. Birkin babbar mota da iska yake aiki, saboda haka tsakanin taka shi da kamawarsa akwai ɗan jinkiri, kuma a cikin jinkirin nan mota tafiya take yi. Idan gudu ya ninka biyu, nisan da birki ke buƙata ya tsayar da mota ninkawa huɗu yake yi. Shi ya sa littattafan horar da direbobin manyan motoci a Amurka ke cewa a bar ratar daƙiƙa ɗaya ga kowace mita 3 na tsawon mota, a ƙara ɗaya idan ana gudu. Tirela mai tsawon mita 18 ke nan tana buƙatar daƙiƙa shida zuwa bakwai, wato mita 100 ko fiye a gudun kilomita 60 a awa. Je ka tsaya a bakin hanyar Kaduna zuwa Zariya ka ga ratar da ake bari. Za ka ga tanka ta manne wa ƙaramar mota tana danna mata hon, direban na jin haushin an tare masa hanya, alhali dokar hanya ta ƙayyade wa tanka da tirela kilomita 60 a awa ko a kan babban titi mai hannu biyu.

Gangara ta fi komai tona asirin wanda bai koyu ba. Duk direban da ya taɓa saukowa Hawan Kibo daga Jos da lodi ya san wurin ba ya yafiya. Ƙa'idar tsofaffi ita ce giyar da ta hau da kai ita za ta sauko da kai, kuma tun kana sama za ka zaɓe ta, ka bar inji ya riƙe motar, birki ya zama mataimaki. Wanda ya ɗora ƙafa a kan birki tun daga sama har ƙasa, ƙarfen zai yi zafi har ya daina kamawa, wanda kuma ya yi ta tattaka shi zai zubar da iskar da ke cikin tanki. Mafi muni shi ne mai sa mota a firi don ya rage shan gas, ya sayar da rarar a hanya. Sai mota ta ƙwace, ta bi ta kan jama'a, washegari a ji a rediyo cewa birki ne ya tsinke. Sau da yawa birkin bai tsinke da kansa ba, ƙafar direba ce ta ƙone shi.

Tanka kuma halinta daban. Lita 45,000 na fetur kaɗai ya haura tan 30, kuma ruwa ne, ba ya zama wuri ɗaya. Idan ka taka birki zai kwararo gaba ya ture ka, idan ka sha kwana zai kwanta gefe guda ya nemi kayar da motar, musamman idan tankin bai cika ba. Direban da ya saba da buhunan masara, aka ɗauke shi rana ɗaya aka ɗora a kan tanka ba tare da sabon horo ba, bai san wannan ba sai ranar da ya kauce wa rami da ƙarfi.

Mun ga abin da ke biyo baya. A daren 15 ga Oktoba 2024 wata tankar fetur da ta taso daga Kano ta faɗi a Majiya cikin ƙaramar hukumar Taura ta jihar Jigawa, jama'a suka taru ɗibar mai, wuta ta tashi, mutum sama da 150 suka rasu. Ranar 18 ga Janairu 2025 aka sake yin irinsa a mahaɗar Dikko ta jihar Neja, sama da 80 suka tafi. A Yamai ma, cikin Mayu 2019, tanka ta faɗi kusa da filin jirgin sama, fiye da mutum 50 suka ƙone. An yi ta faɗa a kan masu ɗibar mai, kuma faɗan yana kan hanya, amma kafin kowa ya fito da jarka sai da tanka ta kwanta tukuna. Horon direban tanka ya haɗa har da abin da zai yi bayan faɗuwar: ya kashe inji, ya nisanta mutane, ya hana tayar da janareto ko babur a kusa, ya kira 'yan kwana-kwana.

Akwai kuma ƙananan sakaci da suka zama ɗabi'a har mun daina ganinsu. Tirela ta lalace a tsakiyar titi da dare, babu fitilar baya, babu alamar nan mai kusurwa uku mai ƙyalli, sai 'yan rassan bishiya da aka jera taku kaɗan daga motar. Direba ya karya kwana bai duba madubi ba, ya manta tayoyin baya sukan yanke kwana fiye da na gaba, ɗan acaɓa ko mai adaidaita sahu da ya raɓe a gefen da ba ya gani ya shiga ƙarƙashi. Tayoyi na hannu da suka gama rayuwarsu a Turai, alhali a jikin kowace taya akwai lambobi huɗu masu nuna mako da shekarar da aka yi ta, direbobi da yawa ba a taɓa nuna musu ba. Sai ɗora mutane a saman shanu ko buhuna, kamar motar da ta yi karo da tanka a yankin Agaie na jihar Neja cikin Satumba 2024, fasinjoji da dabbobi suka ƙone tare.

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Iyayen gida masu motoci, da ku nake. Direban da ake biya gwargwadon sawun da ya yi, aka ba shi gas a ƙididdige, aka ce tumatir ya isa Ikko kafin ya ruɓe, ba zai kwanta ya yi barci ba. Zai tauna goro, ya sha gadagi, in abin ya ƙi ya haɗiyi tramol, idonsa a buɗe ƙwaƙwalwarsa a rufe. A ƙasashen Tarayyar Turai doka ta ce bayan tuƙin awa huɗu da rabi dole direba ya huta minti 45, a yini kuma awa 9 ne ƙa'ida, akwai na'ura a cikin motar da ke rubuta komai. Mu a nan direba na iya tasowa daga Potiskum ya ratsa Jebba bai runtsa ba, a yaba masa a ce jarumi ne. Babu horon da zai yi tasiri a kan mutumin da maigidansa ke sakanta masa don ya karya abin da aka koya masa. Direban da ya ce ba zai tashi ba sai an gyara birki, shi ne ya kamata a ƙara wa albashi, amma shi ake karɓe wa makulli a miƙa wa yaron da ba zai yi musu ba.

Hukumomi ba su rasa dokoki ba. An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a 1988, ta tilasta sa na'urar ƙayyade gudu a motocin haya daga 2017, tana kuma da tsarin tantance makarantun koyon tuƙi da na duba tankoki kafin su yi lodi a daffo. Cibiyar nazarin fasahar sufuri, NITT, tana nan Zariya tun 1986. Bayan gobarar Dikko, hukumar kula da harkar man fetur, NMDPRA, ta hana tankoki masu ɗaukar lita 60,000 yin lodi daga 1 ga Maris 2025. Rage girman tanka abu ne mai kyau, sai dai mai lita 45,000 ma tana faɗuwa a hannun wanda bai iya ba. Abin da ake kira horo kuwa sau da yawa taro ne na yini guda a ɗakin otal, da jawabai cikin Turanci, da hula da riga da takardar shaida, ga mutanen da yawancinsu da Hausa suke tunani, kuma waɗanda suka fi buƙatarsa suna can kan hanya. Tuƙi a cikin mota ake koyonsa, malami na gefe, da lodi a baya.

'Yan'uwa direbobi, kalmar ƙaddara ta yi mana araha a baki. Gaskiya ne babu mai wuce ranarsa, amma malamanmu sun sha faɗa cewa tawakkali yana zuwa ne bayan mutum ya yi nasa. Wanda ya ga agogon iska na nuna ƙasa, ya ji birki na huci, ya ce a tafi a haka Allah zai kiyaye, ya ɗauki alhakin rayukan da ba su san an yi wannan shawara ba. Neman ƙarin ilimi bayan shekara ashirin a kan sitiyari kuma ba faɗuwar girma ba ne, domin motocin da ake shigowa da su yanzu ba irin waɗanda aka koya da su ba ne.

Ƙungiyoyi su ne ke da ikon da hukuma ba ta da shi. NARTO ta san masu motoci, reshen direbobin tanka na ƙungiyar ma'aikatan mai ta NUPENG na iya tsayar da lodi a ƙasar nan cikin yini ɗaya, kuma kullum ana yankar tikiti a tasha. A Mararrabar Jos da Tafa da Potiskum akwai dattawan direbobi da suka ajiye sitiyari, suna zaune a kan benci da ilimin da ba a rubuta ba. A ware wani kaso na kuɗin tikitin a biya su, a haɗa su da malaman NITT da jami'an kiyaye haɗurra, a yi karatun da Hausa a inda motoci ke kwana. Kada ƙungiya ta ba kowa katin direban tanka ko tirela sai ɗaya daga cikin dattawan nan ya zauna gefensa sun sauko gangara da cikakken lodi, ya sa hannu da sunansa, kuma a riƙa sabunta gwajin duk lokacin da za a sabunta lasin.