Dokin da ba a tambaye shi ba

Hirar da aka yi a ƙofar masallaci bayan isha'i a makon jiya ce ta jawo wannan rubutu. Wani matashi ya nuna mana a waya sukuwar da ake yi a Aintree, kusa da Liverpool, garin da yaranmu suka sani saboda ƙwallo. Ana kiranta Grand National, tun 1839 ake yin ta. Doki zai yi gudun kusan kilomita 7 yana tsallake shinge har sau 30, wasu ma da rami. A 1928 dawaki 42 suka tashi, biyu kacal suka kai ƙarshe. A 2023 wani doki ya faɗi a shingen farko ya mutu, shekarar da ta biyo aka rage yawan masu shiga daga 40 zuwa 34.

Cacar da ake yi a kanta ba sai mun tsaya ba, hukuncinta a fili yake. Abin da ya raba kanmu daban ne. Mahayi ya san haɗarin, ya san kuɗin da zai samu, ya yarda. To dokin fa, wa ya tambaye shi?

Wani dattijonmu ya ce ai don gudu aka halicci doki, kuma Manzon Allah (SAW) da kansa ya sa an yi tsere. Gaskiya ne. Amma mu duba yadda aka yi shi. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Ibn Umar cewa dawakin da aka horar an sake su daga Hafya zuwa Saniyyatul Wada'i, mil biyar ko shida. Waɗanda ba a horar ba kuwa daga Saniyya zuwa masallacin Banu Zuraiƙ kawai, kamar mil ɗaya. Horon ma ba wasa ba ne: a ciyar da doki ya yi ƙiba, sannan a rage masa abinci, a lulluɓe shi ya yi gumi har jikinsa ya ɗaure. Wato sai an duba abin da dabba za ta iya kafin a yanka mata nisa.

Kafin mu zagi Bature, mu waiwayi gida. Mu da muka taso da hawan sallah a Kano da Katsina da Zazzau mun san yadda ake tattalin dokin sarki. Amma dokin haya na hawan angwanci fa? Daga azahar har magariba yana kan kwalta, samari biyar suna karɓa-karɓa, linzami ya yanka masa baki, ba wanda ya tuna da ruwa. Ka yi magana a ce maka "ai mun biya". Mu a ganinmu kuɗin hayar na mai doki ne, shi dokin ko kwabo bai karɓa ba, kuma shi ne zai kwana da ciwon.

Akwai ɗaurin aure biyu a unguwa wannan watan. Iyayen angwaye, in za a yi hawa, don Allah a tambayi mai dokin yaushe rabonsa da hutu, kuma mutum nawa za su hau.