Ƙofar Tarago a Jirgin Busan

A fim ɗin Train to Busan, wanda Yeon Sang-ho na Koriya ta Kudu ya ba da umarni aka saki a 2016, dodannin ba su iya buɗe ƙofa ba. Wata cuta ce ta ɓarke, duk wanda ta kama sai ya koma tamkar gawa mai tafiya, bai san uwa ba bai san ɗa ba, cizo kawai, wanda aka ciza kuma nan da nan ya bi sahu. Sai dai hannunsu bai san yadda ake jan ƙofa ba, kuma abin da idonsu bai gani ba ba sa binsa. Shi ya sa da wata mai juna biyu ta watsa ruwa a gilashin ƙofar tarago ta manna jarida, sai suka yi tsit. Ke nan a jirgin KTX da ya tashi daga Seoul zai tafi Busan, ƙofa a hannun masu lafiya take, kuma mutuwar da ta fi ƙona rai a fim ɗin, mai hankali ne ya jawo ta.

Uban da ake bi shi ne Seok-woo, wanda Gong Yoo ya fito a matsayinsa. Aikinsa juya kuɗin masu zuba jari, sun rabu da matarsa, 'yarsa Su-an kuma kakarta ce ke ɗawainiya da ita. Bai halarci ranar da ta rera waƙa a makaranta ba. Da ranar haihuwarta ta zo, ya sayo mata na'urar wasa ta Wii, alhali ga irinta nan a ɗakin, shi ya ba ta a baya ya manta. Kunyar wannan ce ta sa ya yarda ya raka ta Busan wurin mahaifiyarta.

Da annobar ta shiga jirgi, abin da ya fara yi shi ne rufe ƙofa a fuskar wani ƙaton mutum, Sang-hwa, da matarsa mai tsohon ciki, Seong-kyeong, suna gudowa dodanni na biye da su. Da ƙyar aka buɗe musu. Can kuma Su-an ta tashi ta ba wata tsohuwa kujera, sai uban ya ja ta gefe ya ce a irin wannan lokaci ba a haka, kowa tasa ta fisshe shi. A gaskiya ban iya ganin baƙinsa a wurin ba. Wane uba ne zai rantse cewa da shi ne da bai ja ƙofar nan ba? Cewa zai yi don 'yarsa ya yi, kuma bai yi ƙarya ba. Abin da ya sa wannan son kai ya fi kowanne wuyar ganewa ke nan: ya saka rigar ƙauna, har mai shi yana jin ya cika uba.

A tashar Daejeon ya nemi wani na hannun dama a waya don a fitar da shi da 'yarsa ta wata hanya daban, ba tare da an killace su da sauran fasinjoji ba. Ashe sojojin da ke jiran nasu duk sun kamu. Wanda ya make dodon da ya nufi Su-an shi ne Sang-hwa ɗin nan da aka rufe wa ƙofa. Wanda ya ceci shi kansa Seok-woo kuma wani mai kwana a titi ne da kowa ke ƙyama, ya lulluɓe kan dodon da rigarsa.

Daga nan sai reshe ya juye da mujiya. Seok-woo da Sang-hwa, waɗanda gudun komawa jirgi ya raba su da iyalansu, sun ɗaure hannuwa da salatif, sun keta tarago bayan tarago, suna fakewa da duhu duk lokacin da jirgi ya shiga ramin ƙarƙashin dutse, har suka ɗauko iyalansu. Suna isowa taragon da sauran mutane suke, sai suka tarar an ɗaure ƙofa ta ciki. Yon-suk, wani babba a kamfanin motocin safa, ya tsorata jama'a cewa masu zuwan sun kamu. Hujjarsa ita ce dai hujjar Seok-woo ta ɗazu, ba ƙari ba ragi. Jinkirin nan ne ya ci Sang-hwa: ya tare ƙofar baya da jikinsa, aka cije shi, ya raɗa wa 'yar da ba zai gani ba suna, ya ce su tafi.

Mutanen Koriya ba wai dodanni kaɗai suka gani a wannan wuri ba. Ranar 16 ga Afrilun 2014 jirgin ruwa na Sewol ya nutse, mutum 304 suka mutu, yawancinsu ɗaliban sakandare da aka ce su zauna a ɗakunansu, kyaftin ɗin kuwa yana cikin waɗanda suka fara ficewa. A fim ɗin ma ana jin gwamnati a talabijin tana kiran abin tarzoma tana cewa komai na hannu. Fiye da mutum miliyan 11 ne suka je sinima kallonsa a ƙasar.

A ƙarshe an ciji Seok-woo a hannu yana kare Su-an da Seong-kyeong daga Yon-suk, wanda shi ma ya riga ya kamu. Ya shigar da su kan jirgi, ya nuna wa Seong-kyeong birki, ya fita ya bar su a ciki, ya faɗa waje kafin hankalinsa ya gushe. Nan ne kowa ke kuka. A ganina an ɗan cika gishiri da hoton farin nan na ranar da ya fara ɗaukar Su-an tana jaririya, ya yi kama da tallar madara. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne matar da ya damƙa wa amanar 'yarsa: ita ce wadda da safiyar ranar ya so a bari a waje. Da ƙofar farko ta zauna a rufe yadda ya so, da mutuwarsa ba ta ceci Su-an ba, don ba mai riƙe hannunta.

Yeon Sang-ho ya yi ci gaban labarin a 2020 da fim mai suna Peninsula. Akwai bindigogi da tseren motoci a filin Allah, dodannin ma sun fi yawa. Na kalle shi har ƙarshe, ban ji komai ba.