Kalar Gida Rabon Mabukata Ce

Karatu: Littafin Firistoci 19:9-10; Rut 2:1-17; Luka 3:11

A Abbare da sauran garuruwan da ke kewaye da Jalingo, idan kaka ta yi aka sayar da amfanin gona, iyalai da dama sukan sabunta tufafi da kayan ɗaki kafin Kirsimeti. Tsofaffin kuwa, a kan kira dillaliya ta zaga da su gida gida, ko a kai su kasuwar gwanjo. Ciniki ba zunubi ba ne, kuma gidan da rashi ya tilasta wa sayar da kayansa ba shi da laifi. Amma wanda Ubangiji ya wadata har ya sayi sabo, Maganar Allah tana da abin da za ta faɗa masa game da tsohon.

Shari'ar Musa ta hana manomi ya girbe gonarsa ƙaƙaf ko ya koma ya yi kala. Abin da ya ragu rabon matalauci ne da baƙo. Allah ne ya yanka musu wannan rabo, mai gona ba alfarma ya yi ba. Zanen da ya shekara uku a ƙasan akwati, da takalmin da ya yi wa yaro kaɗan, da tukunyar da aka daina ɗorawa, su ne kalar gidan Kirista a yau. Yahaya Maibaftisma ma ya umarci mai riga biyu ya ba marar ita ɗaya.

Masu bukata ba su da nisa. Ambaliyar Kogin Binuwai ta 2012 da ta 2022 ta raba iyalai da yawa a Jihar Taraba da gidajensu, rikicin ƙaramar hukumar Lau na 2018 kuma ya kori mutane daga ƙauyukansu da abin da ke jikinsu kaɗai. Ga gwauraye da marayu a kowace ikilisiya. Kuɗin da dillaliya za ta kawo ba ya kwana biyu a hannu, amma bargo ɗaya yakan raba yaro da sanyin hunturu.

Yadda ake bayarwa ma abin lura ne. Bo'aza ya gargaɗi masu girbinsa kada su kunyata Rut, har ya ce su riƙa zare mata zangarniya daga dammuna da gangan. Saboda haka a wanke tufa a ɗinke ta kafin a bayar, tsumma kuwa ba kyauta ba ne. Zumuntar Mata da dattawan ikilisiya sun san gidajen da ke cikin ƙunci, za su iya kai kayan a asirce ba tare da shela a sujada ba. Kada kuma a tsaya tambayar ƙabila ko addini, gama Rut kanta baƙuwa ce daga Mowab.

Bari kowane gida ya buɗe akwatinsa a wannan kaka. Ubangiji ya ba masu bi zuciyar bayarwa. Amin.