Addu'a a Bisa Jirgin Yaƙi: Yadda Mai Bi Yake Tunawa da Mazan Jiya



A tsibiran Hawai na ƙasar Amurka akwai wata tashar jiragen ruwa da ake kira Pearl Harbor. Jiragen yaƙi biyu suna can kusa da juna, ɗaya a ƙarƙashin ruwa, ɗaya a bisansa. Na ƙarƙashin shi ne Arizona, wanda jiragen saman Japan suka nutsar ranar Lahadi, 7 ga Disamba 1941, mutum 1,177 suka hallaka tare da shi. Fiye da 900 daga cikinsu suna kwance a cikinsa har yau, mansa kuma bai daina tsattsafowa saman ruwa ba. Na bisan ruwan shi ne Missouri, wanda a kansa ne wakilan Japan suka sa hannu a takardar miƙa wuya ranar 2 ga Satumba 1945, Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare. Tun 1999 aka mai da shi gidan tarihi. A waɗannan ranaku biyu, kowace shekara, akan taru a yi jawabai, a busa begila, a yi shiru, a yi addu'a domin matattu.

Shekara da shekaru tsofaffin sojojin ruwa suna zuwa wannan taro daga nesa, wasu da sanda, wasu a keken guragu, domin zumunci a ƙafa yake. Fiye da 40 daga cikin waɗanda suka tsira daga Arizona sun bar wasiyya cewa idan sun mutu a mai da tokarsu cikin jirgin, masu nutso kuwa suka sauka da ita wurin abokansu. Na ƙarshen waɗanda suka tsira, Lou Conter, ya rasu a watan Afrilu 2024 yana da shekara 102. Masu ganin abin da idonsu suna ƙarewa ke nan. Tambayar da ta rage wa masu kula da irin waɗannan wurare, ta kuma rage mana, ita ce: idan shaidun sun tafi, me za a riƙa taruwa a yi? Taro yana iya komawa yawon buɗe ido da ɗaukar hoto. Yana iya komawa fahariya da manyan bindigogi. Mu kuwa mun gaskata cewa tunawa da matattun yaƙi addu'a ce kafin kome, addu'ar mai bi kuma ba ta tsayawa a iyakar ƙasarsa.

Mu fara da wani firist. Fada Aloysius Schmitt, ɗan jihar Iowa mai shekara 32, shi ne limamin Katolika a jirgin Oklahoma. A safiyar wannan Lahadi ya gama miƙa Hadaya Mai Tsarki ke nan sai aka harbi jirgin, ya fara kifewa. Fada ya sami kansa da waɗansu matasa a wani ɗaki da ruwa yake cikawa, ba mafita sai ƙaramar taga. Ya yi ta tura su ta tagar ɗaya bayan ɗaya, kimanin mutum 12 suka fita, shi bai fita ba. Yana cikin mutum 429 da suka mutu a jirgin. An binne shi cikin waɗanda ba a san sunansu ba, sai a 2016 aka gane ƙasusuwansa aka mai da su gida. Shekara 75 mutane ba su san inda yake kwance ba, amma Allah bai ɓatar da shi ko na rana ɗaya ba. Wannan shi ne tushen kowace sujadar tunawa: muna kiran sunayen da muka sani a gaban Wanda ya san sauran.

Sa'an nan mu hau Missouri. Mai ziyara yakan ga wani wuri a gefen dama na jirgin inda ƙarfe ya lotsa. Ranar 11 ga Afrilu 1945, kusa da tsibirin Okinawa, wani matashin matuƙin jirgin saman Japan ya auko wa jirgin da gangan, da nufin ya mutu ya kashe na ciki. Ba wanda ya mutu sai shi. Da aka kashe wutar, aka ga gawarsa a bisa jirgin. Kyaftin William Callaghan ya ba da umarni a yi masa jana'iza irin ta soja. Waɗansu sun yi gunaguni, ba kuwa abin mamaki ba ne, gama wannan yaro ya zo ne ya kashe su. Duk da haka cikin dare aka ɗinka tutar Japan, kashegari aka rufe gawar da ita, sojoji suka jeru, aka harba bindigogin girmamawa, limamin jirgin ya miƙa ta ga teku. Yaƙi yana ci a lokacin, ba wanda ya san ranar ƙarewarsa.

Mutane sukan ce rama cuta ga macuci ibada ne. Ubangijinmu Yesu ya koya mana wata hanya dabam: ya umarce mu mu ƙaunaci magabtanmu, shi kansa kuma ya roƙa wa masu gicciye shi gafara tun suna kan aikin. Ikilisiya ta lissafta binne matattu cikin ayyukan jinƙai bakwai na jiki, ta sa yi wa rayayyu da matattu addu'a cikin na ruhu, ba ta kuma ce sai matattun ɓangarenmu kaɗai ba. A Littafin Makabi na Biyu, sura 12, Yahuza ya je kwasar gawawwakin sojojinsa, ya tarar da layun gumaka a ƙarƙashin rigunansu. Bai yar da su ba. Ya tara kuɗin azurfa 2,000 ya aika Urushalima a miƙa hadaya domin zunubinsu. Ashe ba domin sojoji tsarkaka ne muke yi musu addu'a ba, sai domin suna bukatar jinƙai kamar yadda muke bukata.

Irin wannan iri yakan yi 'ya'ya ko da ya daɗe. A taron cika shekara 50 da harin, a 1991, Zenji Abe, ɗaya daga cikin matuƙan Japan da suka jefa bama-bamai a ranar, ya sadu da Richard Fiske, mai busa begila a jirgin West Virginia da aka nutsar. Tsofaffin biyu suka rungumi juna. Daga nan Abe ya riƙa aiko da kuɗi, Fiske kuma ya riƙa kai furanni biyu bisa Arizona kowane wata yana busa begilarsa, shekaru da yawa. Da ba a buɗe ƙofar taron ga tsohon abokin gaba ba, da wannan bai faru ba.

Labarin nan bai yi nisa da mu ba. Takardar da aka sa wa hannu a bisa Missouri ita ce ta rufe yaƙin da ya kai dubban iyayenmu da kakanninmu dazukan Bama, cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, inda suka fuskanci sojojin Japan. Waɗansu sun dawo da lambobin yabo da ciwon da ba su iya faɗa ba, waɗansu suna kwance can. Muna da namu na yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, ta ɓangarorin biyu, da samarin da suka faɗi a fagen fama a shekarun nan. Ranar 15 ga Janairu ƙasa takan tuna da mazan jiya da fareti da furanni, wannan kuwa daidai ne. Namu rabon ya wuce nan. Mu rubuto sunayensu mu kawo wa Fada a miƙa Hadaya dominsu, musamman a watan Nuwamba, watan matattu. Mu ziyarci tsohon sojan da yake unguwarmu, mu zauna mu saurare shi tun yana da rai. Mu duba gwauruwar soja da marayunsa. Idan kuma mun durƙusa, kada mu tashi sai mun ambaci waɗanda suka mutu a ɗaya ɓangaren, gama su ma uwa ce ta haife su, jinin Almasihu kuma dominsu aka zubar.

Ya Allah Uba, kai da ka san masu barci a cikin ƙasa da masu barci a ƙarƙashin teku, ka ji tausayin dukan waɗanda yaƙi ya ci, namu da na magabtanmu. Ka ta'azantar da waɗanda suka bari, ka kuma ba shugabanninmu zuciyar neman sulhu. Ta wurin Almasihu Ubangijinmu. Amin.