Shin Ya Halatta A Ciyar Da Mota A Bar Ɗan Adam Da Yunwa?

 

Ya 'yan'uwa masu karatu, a wannan mako za mu duba wata mas'ala da zamani ya zo da ita, watau sarrafa amfanin gona ya zama man mota. Tun a shekarar 1975, bayan tsadar man fetur ta girgiza duniya, ƙasar Barazil ta ƙaddamar da shirin tatso barasa daga rake domin zuba wa motoci. Amurka kuwa ta kafa doka a 2005, ta ƙara ƙarfafa ta a 2007, wadda ta wajabta gauraya fetur da irin wannan mai, har ya zama fiye da kashi ɗaya cikin uku na masarar da ƙasar take nomawa can take tafiya. Ita ma Nijeriya ta fitar da nata tsari a 2007, da nufin amfani da rogo da rake.

Da yawa daga cikin 'yan'uwa, idan suka ji wannan, abin da suke fara tambaya shi ne: yaya Musulmi zai sayi barasa ya zuba a tankin motarsa? Tambaya ce mai kyau, amma amsarta ba ta da nisa. Ba don sha ake yin wannan barasa ba, kuma akan garwaya ta da fetur yadda ba za ta shawu ba, saboda haka malamai da yawa na wannan zamani ba su ga laifin amfani da ita ba. Tambayar da ta fi nauyi a ma'aunin Shari'a ita ce wadda ba a cika yi ba: hatsin nan da aka ƙona, daga bakin wa aka ɗauke shi?

Mu dubi abin da ya faru. A watan Janairu na 2007 dubban mutane suka fito kan titunan birnin Mekziko suna kukan tsadar wainar masara, wadda ita ce tuwonsu. Daga nan zuwa 2008 farashin hatsi ya yi tashin gwauron zabo a duniya, aka yi tarzoma a Haiti da Masar da Kamaru. Dalilan suna da yawa, akwai fari, akwai tsadar fetur da taki, amma karkatar da masara zuwa ga motoci yana cikinsu. Har wakilin Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin samun abinci, Jean Ziegler, ya kira abin laifi a kan bil'adama a watan Oktoba na 2007. Indonesiya ma, ƙasar da ta fi kowace yawan noman kwakwar manja, kuma take zuba kaso mai tsoka na manjan a cikin man dizal, ta wayi gari a 2022 matan gida suna layin man girki, har hukuma ta hana fitar da shi waje na 'yan makonni.

To, mene ne ma'aunin Musulunci a nan? Malaman usulu sun jera abubuwa biyar da Shari'a ta zo domin ta kiyaye su: addini, rai, hankali, zuriya da dukiya. Rai yana gaba da dukiya. Haka kuma sun raba buƙatun ɗan Adam zuwa larura, da buƙata, da ƙawa. Abinci larura ne, sauƙin kuɗin mai kuwa buƙata ce, kuma ba a rushe larurar wani domin a gina buƙatar wani. A kan wannan asasi ne aka haramta ɓoye abinci don ya yi tsada, har malamanmu na Malikiyya suka ba shugaba ikon tilasta wa mai rumbu ya sayar idan jama'a suka shiga matsi. Idan wanda ya kulle hatsi a lokacin yunwa ya yi zunubi, alhali hatsin yana nan, ina ga wanda ya ƙone shi ƙurmus?

Ku tuna da shekarar toka, shekara ta 18 bayan Hijira, sa'ad da fari ya auka wa Hijaz. Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, ya haramta wa kansa man shanu har sai talakawa sun samu, ya kuma aika wa Amru ɗan Asi ya turo ayarin abinci. Shugaba ke nan da ya auna cikinsa da cikin mafi rauni a cikin jama'arsa.

Sai dai adalci ya wajaba a kanmu. Wannan fasaha ba haramun ba ce a kan kanta. Hayaƙin fetur yana gurɓata iska, kuma rage ɓarna a bayan ƙasa aikin lada ne. Manomi yana samun kasuwa, dusar da ta rage bayan an tace masara kuma takan koma abincin dabbobi. Hukuncin yana bin hali ne: a ƙasar da rumbunanta suka cika suka tumbatsa, babu laifi, inda yara suke kwana da yunwa kuwa, abinci na mutum ne kafin na inji.

Kuma Allah bai ƙuntata mana ba. Ana iya samun mai daga kara da ɓawo da tsohon man suya. Ga hasken rana da iska, waɗanda ba su cin gonar kowa. Ga motoci masu haɗa fetur da batir, irin Prius da kamfanin Toyota ya fitar a Japan a 1997, waɗanda suke rage shan mai ba tare da sun taɓa tukunyar talaka ba.

Saboda haka muna kira ga hukumominmu da attajiranmu, kafin a mayar da gonar rogo ko ta masara gonar man mota, a fara tambaya ko maƙwabta sun ƙoshi. Hausawa sun ce kowa ya ci shi kaɗai, shi kaɗai zai mutu. Ranar Alƙiyama kuwa za a tambayi kowa game da dukiyarsa, ta ina ya samo ta, kuma ina ya kashe ta.

Allah Ya ciyar da mu daga halal, Ya sa mu zama masu tausayin na ƙasa da mu, amin.